Kwanan Wata a Kan Ƙunshin Ƙoda

Masu bin labarin nan, wasunku sun rubuto suna cewa irina ba su da yawa, wai namiji mai tsaya wa mace a kan karatunta. Na gode. Amma ku riƙe yabonku tukuna, ku ji abin da na aikata a makon farko na farautar barewa, sannan ku duba ko zai saura a bakinku.

Ga wanda yau ya shigo, sunana Glen Harju, shekarata arba'in da takwas, mahauci ne ni. Shagona yana bakin garinmu a nan arewacin Michigan. Maharba su kawo barewa, in feɗe, in yanka, in ƙunshe, su zo su ɗauka. Makaranta tun ina ɗan shekara sha shida na bar ta, ban kuma yi kewarta ba. Matata ta tafi shekara tara da suka wuce, ta kwashe labulaye da kare. Har yau tagogina a tsirara suke. Kofi ɗaya nake wankewa, faranti ɗaya, cokali ɗaya.

Kendra Salmi nas ce a ƙaramin asibitinmu, shekararta goma sha uku a aikin. Mun haɗu ranar da zarto ya ci min babban yatsa. Ta duba ta ce, “Jijiyar ba ta tsinke ba, ɗinki shida za a yi maka.” Muka zauna awa biyu da rabi muna jiran likita ya iso daga wani gari. Ya zo, ya leƙa, ya ce, “Jijiyar ba ta tsinke ba, ɗinki shida.” Na dube ta. Ita kuwa bango ta duba.

Likita take son zama, tana da shekara talatin da shida. Sai dai makarantar likitanci ba ruwanta da shekarun da ka yi kana goge aman mutane. Akwai darussan sinadarai da na halittu da sai ta cike kafin ma ta nemi shiga. A jami'a darasi guda ya haura dala dubu biyu, ga shi ita ke riƙe da uwarta. Sai ta samo wata kwaleji mai koyarwa ta intanet a kan ɗari shida, har da aikin gwaji. Su aiko maka kayan a kwali, ka yi a gida, ka ɗauka da waya ka tura musu.

Kwalin farko da ya iso, uwarta Lorraine ta buɗe tana tsammanin tukwanen da ta yi oda ne, ta ci karo da idon saniya a leda yana kallonta. Daga ranar ta ce ba a kicin ɗinta ba. Shi ya sa aka dawo shagona, inda teburin ƙarfe yake, ba kuma mai firgita da jini.

Duk Lahadi ƙarfe biyu, ko da barewa goma ke rataye, ina juya allon ƙofa in rufe. Ta shigo cikin tsohuwar rigar sanyin mahaifinta ruwan toka, hannayen sun zarce yatsunta sai ta naɗe, gashi ɗaure da robar da nake ɗaure leda. Ta jingina waya da buhun gishiri, ta sa tabarau na roba. Ni aikina riƙe fitila da yin shiru.

Shirun ne ke ba ni wahala.

“Wuƙar nan da suka aiko miki ko man shanu ba za ta yanka ba,” na ce mata wata rana.

“Glen, ana ɗauka.”

“To malamin ya ji. Malam, wuƙarku banza ce.”

Ta kashe wayar tana dariya har da riƙe ciki. “Sau uku ke nan ina sakewa saboda bakinka. In na faɗi, kai za ka je ka yi wa mutane tiyata.”

“Na fi ki sauri.”

“Naka marasa lafiyar ba sa tashi.”

Lahadin nan ita ce rayuwata, gaskiya ke nan. Sauran kwana shida jira nake. A watan Satumba na ce ta aure ni, ina tsaye da tsumma a hannu, don ban iya durƙuso ba. Ta cire tabarau ta ce, “Bari in tura takardun neman shiga a watan Yuni, sai ka sake tambayata.” Makarantar da take hari tana can kudancin jihar, inda muke kira ƙasan gada, tafiyar awa bakwai daga nan. Shekara huɗu, sannan wasu shekarun a asibitin da aka jefa ta. Na iya lissafi ko ban yi makaranta ba. Kafin ta dawo na doshi sittin, in ma ta dawo.

Ranar Litinin Vern Tolonen ya kawo tasa barewar. Vern tsoho ne, ya yi shekara talatin yana koyar da sinadarai a kwalejin gundumarmu kafin ya yi ritaya. Harbi ya iya, fiɗa ce bai iya ba, kullum sai ya bar ƙoda maƙale a ciki.

“Farfesa, ka sake bar min tsaraba,” na ce, na ciro su.

“Ba wa nas ɗinka. Na ji an ce a nan take karatu.” Sai idonsa ya sauka kan kwalin da ke saman shelfa. Ya sauko da shi, ya karanta, ya ɓata fuska. “A nan take yin gwajin? Ba ta zuwa aji?”

“Ajin ke nan kana tsaye a ciki.”

“Wace makaranta take nema?”

Na faɗa masa. Ya cire hularsa ruwan lemo ya sosa sanƙo.

“Glen, wannan makarantar ba ta lissafa gwajin da aka yi a gida. Darasin za su karɓa, gwajin kuwa sai wanda aka yi a ɗakin gwaji, malami na tsaye a kanka. Ɗalibaina biyu aka dawo wa da takardu a kan haka. Ba wanda ke gaya musu sai sun gama.”

“To wahalar banza ta yi?”

“Ba duka ba. Kwalejinmu tana da ajin gwaji na ranar Asabar, don masu aikin asibiti aka buɗe shi, ya ma fi wannan kwalin araha. Kujera goma sha biyu ce. Jiya na ji saura uku. Ranar Juma'a ƙarfe huɗu ake rufe rajista. In ta rasa, ba maganar Yuni, sai wata shekarar.”

Ya yago takardar da nake ƙunshe nama, ya ɗauki baƙin alƙalamina, ya rubuta lambar darasin da lambar ofis, ya ja layi biyu ƙarƙashin Juma'a. “Yau ka ba ta.”

“Yanzu ma,” na ce.

Motarsa ta fita. Na ɗauki waya. Na ga sunanta. Sai kalma biyu suka tsaya min a kai: wata shekarar. Lahadi hamsin da biyu.

Ban yaga takardar ba, ku shaida. Ban jefa a shara ba. Ƙodar nan biyu na ɗora a kai, na ninke yadda rubutun Vern ya shige ciki, na manne da tef, na kai can ƙuryar firiza bayan naman wasu. Na ce wa kaina ajiyewa na yi, da yamma zan kira ta. Yamma ta yi, na ce ta gaji, gobe. Ba wanda ya iya yi wa mutum ƙarya kamar shi kansa.

Ranar Talata saƙonta ya shigo ina tsakiyar niƙa nama.

“94 a gwajin ido! Malamin ya ce wane ne mai tari a baya.”

Na goge hannu na rubuta, “Madalla.”

“Madalla kawai? Barewa sun cinye min kai?”

“Aiki ya yi yawa.”

“Ka ci abinci. Ba kofi ba, abinci.”

Na ajiye wayar kife. Firizar tana bayana tana gurnani, kamar ta san abin da ke cikinta.

Laraba Lorraine ta kira ni in duba mata bututun hayaƙin sauna, ɗakin wankan tururi, wai yana mayar da hayaƙi. Na je da hantsi. Bututun lafiyarsa lau, ni ma na san haka, ita ma ta sani. Ta zaunar da ni a kicin, ta yanko nisu, burodinta mai zaƙi, da ɗuminsa, ta shafa man shanu, ta zuba kofi a kofin baƙi mai bakin zinariya. Gidan na nan yadda yake tun ran da mijinta ya mutu. Hotonsa da hular masu haƙar ma'adinai a saman talabijin, kujerarsa da bargo a ninke ba mai zama, agogon bango yana gaba da minti goma. Tana sanye da rigar saƙa shuɗiya da ta sa maɓallanta a karkace.

“Glen, ni da kai ba yara ba ne,” ta ce. “Kana son yarinyar nan ko ba ka so?”

“Kin sani.”

“To me ya sa kake shimfiɗa mata hanyar barinka? Tebur, fitila, har da wuƙa. Kai wane irin mai nema ne?”

“Ita ke so, Lorraine.”

“Ni ma na so abubuwa.” Ta tura min farantin. “Talatin da shida. In ta tafi, jika kuma sai dai in gani a hannun wasu a coci. Bara na faɗi a matakalar nan, awa huɗu ina kwance kafin ta dawo daga aiki. In tana ƙasan gada, kwana nawa zan yi? Kai za ka zo ka same ni, da hancinka.”

“Kada ki ce haka.”

“Ban ce ka hana ta ba. Ba ta hanuwa, ubanta ta ɗauko. Cewa na yi ka daina taimaka mata kawai. Ka naɗe hannu. Abin zai mutu da kansa.”

Na ajiye burodin. Abin da take roƙona, kwana biyu ke nan ina yi ba tare da an roƙe ni ba. Na dubi tsohuwar nan da maɓallanta a karkace, na ga ni ne zaune a wancan gefen tebur. Mutum biyu masu tsoron gida shiru, sun sa mace ɗaya a tsakiya.

Kuna tsammanin daga nan na wuce shago na ciro takardar. Ban yi ba. Na koma na yanka barewa huɗu. Alhamis ma haka.

Juma'a wajen ƙarfe biyu Vern ya kira.

“Naman ya yi?”

“Gobe.”

“To. Nas ɗin ta samu kujera? Ban ga ta kira ni ba. Ba komai, jibi zan gan ta a coci in ji.”

Na ajiye wuƙa. Na kira Kendra sau uku, ba ta ɗauka ba. Tana aikin bakwai zuwa bakwai, wayarta na kulle a loka. Na tura saƙo, “Kira ni yanzu.” Shiru. Na shiga firiza na yi ta jifa da naman mutane har na kai ga ƙunshin. Ya daskare kamar dutse, takardar ta manne da naman. Ban tsaya ɓamɓarewa ba, na jefa shi kan kujerar akori-kura na taka. Dusar ƙanƙara ta fara sauka. Ko atamfar aikin ban cire ba.

A asibiti, matar da ke zaune a teburin karɓar baƙi ta ga jini a gabana ta miƙe. “Ina ka yanke kuma?”

“Ba nawa ba ne. Kira min Kendra.”

“Tana da marasa lafiya shida, Glen. Ba ta barin ɗaki sai ta damƙa su hannun wata.”

“To ta damƙa.”

Minti ashirin da biyar ina tsaye ina kallon agogo. Uku da rabi ta wuce lokacin da ta fito, cikin shuɗin kayan aiki, biro soke a gashi, safar hannu ɗaya ba ta ma cire ba.

“Mama ce?”

“A'a. Makarantarki ce.” Na yi mata bayanin Vern a tsaitsaye, a gaban injin sayar da lemo. Na ga fuskarta ta sauya. Ta karɓi ƙunshin, ta sa ɗan almakashin aljihunta ta yanke tef, ta ɓamɓaro gefen da rubutun yake.

“Ba ni wayarka.”

Ta kira. Ina jin muryar matar ofis ƙasa-ƙasa. Kendra ta faɗi sunanta, ta faɗi lambar darasi, ta saurara.

“Yaushe?” ta ce. “Laraba da yamma. To. Eh, ki sa ni a layin jira. Na gode.”

Ta miƙo min wayar. “Ta cika. Kujerar ƙarshe shekaranjiya aka ɗauka.” Ta jingina da bango ta rufe ido. “Wata takwas ina yanka idon saniya a banza. Ni ma da laifina, arahar na gani ban tambaya ba.” Ta buɗe ido ta ɗan taɓa min hannu. “Ka bar shago a makon farauta ka zo. Na gode, Glen. Yaushe Vern ya zo?”

Nan ne wurin da mutumin kirkin naku zai faɗi gaskiya.

“Ɗazu,” na ce.

Ta gyaɗa kai. Sai ta juya ƙunshin. Ba don tana zargina ba, ku fahimta. Nas ce. Shekara goma sha uku ba ta taɓa riƙe kwalba ko leda ba tare da ta juya ta duba kwanan wata ba, hannunta ke yi da kansa. Ni kuma shekara talatin ban taɓa sa ƙunshi a firiza ba tare da na rubuta mai shi, da abin da ke ciki, da ranar ba. Nawa hannun ma da kansa yake yi. Ban ma tuna na rubuta ba.

Ga shi nan ɓaro-ɓaro da baƙin alƙalami: VERN. ƘODA. 17 NUWAMBA.

Ta daɗe tana kallo.

“Yau ashirin da ɗaya,” ta ce.

Ta ɗora yatsa a kan kwanan watan.

“Rubutunka ne. Kuma naman da aka sa ɗazu ba ya daskarewa haka.” Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na ji sauƙi. “Ranar Litinin kujera nawa ta rage?”

“Uku.”

“Ranar Talata na ce ka ci abinci.”

“Kendra...”

“Ina da mai jiran allura a gado na huɗu.” Ta ɗora min ƙunshin a hannu kamar yadda ake miƙa wa baƙo abin da ya yar, ta cire safar ta jefa a kwandon shara, ta tura ƙofa. Ƙofar asibiti ba ta bugawa. A hankali take rufe kanta, kana tsaye kana kallo.

Asabar Vern ya zo ya ɗauki namansa. Ya tambaya, na ce ta cika. Ya ce kash, ya tafi. Lahadi ban je coci ba. Ƙarfe ɗaya na wanke teburin da ruwan zafi sau biyu, na jawo buhun gishiri wurin da take jingina waya, na canja wa fitila batir. Ƙarfe biyu na juya allon ƙofa. Na zauna a kan bokiti. Motoci suna wucewa da barewa ɗaure a baya, ba wadda ta rage gudu. Kwalinta na saman shelfa, tabarau ɗin roba a kansa, da robar gashi ɗaya da ta manta, har da silin gashinta a jiki.

Uku saura kwata wayar ta yi motsi.

“Ni ce ta farko a layin jira. In wani ya janye kafin Janairu na shiga.”

Kafin in gama karantawa wani ya shigo.

“Na gaya wa Mama. Ta ce ashe kana da hankali. Ta ce in kawo maka nisu.”

Wannan ya fi mari zafi. Na uku ya daɗe kafin ya zo.

“In na shiga, mil saba'in ne kowace Asabar, cikin ƙanƙara, bayan awa sha biyu na Juma'a. Motata ba za ta iya ba. Na san motar da za ta iya. Amma ba zan zauna kusa da mutumin da ban sani ba. Vern ya tare ni a coci, ya ce ya kira ka ranar Juma'a ƙarfe biyu. Tambaya ɗaya, kuma kada ka yi min ado. Don ni ka kawo takardar, ko don ka ji zai gaya min?”

Masu karatu, na san amsar da za ta dawo min da Lahadina. Kalma biyu ce, ko ɗan aji ɗaya zai iya rubutawa. Na rubuta “Don ke.” Na zauna ina kallonta a kan gilashin wayar, babban yatsana mai ɗinki shida yana kan wurin turawa. Ba ta da yadda za ta gane. Wannan karon ba ƙunshin da za ta juya.

Na goge. Na rubuta, “Tsoro ne. Da bai kira ba, ban san ranar da zan kawo ba. Motar tana nan, ko kin zauna a baya ba ki ce min komai ba.”

Na tura.

Alama ta nuna ta karanta. Ɗigo uku suka fito, tana rubutu. Suka ɓace. Suka sake fitowa, suka daɗe, suka sake ɓacewa. Wani maharbi ya zo yana buga ƙofa yana kiran sunana, barewarsa na zubar da jini a kan ƙanƙara. Ban tashi ba. Wayar na hannuna, fitilar na kunne a kan teburin da babu kowa.